Kowace Ƙusa da Niyyarta

Tsufa ya kwashe mini ranaku da yawa daga cikin kai, amma ban taɓa mantawa da ranar da na hau benen wani masallaci a unguwar Sparkhill ta birnin Birmingham na tarar da shugaban kwamitin masallacin a kafe da ƙusa a jikin daɓen da muke shimfiɗawa ba. Ku matasan da kuka tarar da ni a wannan ma'aikata kun sha tambayata dalilin da ya sa ake kirana Malam Niyya, da dalilin da ya sa kowace bindigar ƙusa da ke ɗakin kayanmu aka kulle mata wani maɓalli. Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce. Tunda na kusa ajiye aiki, gara ku ji ta daga bakina kafin ku ji ta daga bakin Ishaya, domin shi ba ya ba da wannan labari sai ya ƙara masa gishiri.

Ni ba a gidan kafintoci aka haife ni ba. A zauren mahaifina na tashi a Zariya, tsakanin fiƙihu da nahawu da lugga. Da wani asibiti a Manchester ya ɗauki maiɗakina aikin jinya, na biyo ta da akwatin littattafai, sai na tarar a garin nan ba a riƙe gida da i'irabi. Na shiga koyon aikin katako furfura ta riga ta fara leƙowa a gemuna. Kamfaninmu na unguwar Ardwick a nan Manchester, kamar yadda kuka sani, aikinsa haɗa ƙashin gini da katako: bango, rufi, da daɓen bene. Na fara a matsayin mai koyo, na zama kafinta, daga baya aka ba ni shugabancin ƙungiya. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, shugaban ƙungiya shi ne mutumin da idan aiki ya yi kyau a yaba wa kamfani, idan ya ɓaci a nemo shi.

Wajibi ne in bayyana bindigar kafin in shiga labari, don wataƙila wanda bai taɓa riƙe ta ba zai karanta wannan. Bindigar ƙusa da iska take aiki. Akwai injin da ke tara iska a cikin tanki, akwai tiyo da ke kawo iskar, akwai agogo a jikin injin da ke nuna ƙarfinta. Ita kanta bindigar tana da hanci, wanda sai an danna shi a kan katako take yarda ta yi harbi, tana kuma da kunama, wato ɗan ƙarfen da yatsa ke ja. Wanda ya fara kiran wannan ƙarfe kunama ya san abin da yake faɗi. Kafin a fara aiki ana saita iska a cikin iyakar da maƙeranta suka rubuta a jikinta, a fara daga ƙasa. Sai a gwada a kan guntun katako irin wanda za a yi aiki da shi. Idan kan ƙusar ya tsaya a sama, zai yagi darduma ko tafin ƙafa. Idan ya nutse ya huda fuskar katakon, to ya shiga ne kawai, bai riƙe komai ba. Akwai ɗan gargare kusa da hancin, shi ake murzawa har kan ƙusa ya kwanta daidai da katako. Kuma ba a murza shi, ba a ciro ƙusar da ta maƙale, ba a ajiye bindigar a tafi, sai an cire tiyo.

Saura maɓallin da na ambata. Bindigar tana da hali biyu. A hali na farko, wanda muke kira bugun ɗaiɗai, sai ka danna hanci, sannan ka ja kunama, ƙusa ɗaya ta fita. In kana son wata sai ka saki, ka ɗaga, ka sake daga farko. A hali na biyu, bugun dangwale, kana riƙe kunama a ja ne, duk abin da hancin ya taɓa ƙusa ta shige shi. Yana da sauri ƙwarai. Aibinsa ɗaya ne: hancin ba ya bambanta katako da gwiwa.

Abokin aikina a wannan tafiya shi ne Ishaya, mutumin Kagoro, dattijo ne a cocinsu da ke Old Trafford. Ban taɓa ganin hannu mai tsabta a aikin daɓe irin nasa ba, kuma a motar aiki shi ne mai tuƙi ni ne mai gyara masa Hausa. Sai dai a lokacin yana tafiya ne a kan siraɗi. Watanni kaɗan kafin nan, a wani aiki, ya sauka ɗauko katako ya bar bindiga haɗe da tiyo, jami'ar kamfani mai kula da lafiyar ma'aikata ta gani. Wata Baturiya ce da muke kira Madam Shila, mace mai adalci irin wanda ba ya murmushi. Ta ba shi gargaɗi na ƙarshe, ta ce in ya sake, ya ajiye kaya. Ga Ishaya kuwa ajiye kaya ba rasa aiki ba ne kawai. Izinin zamansa a ƙasar nan a jikin kamfanin yake rataye, da na matarsa, da na 'ya'yansa da ke tsakiyar karatu. Tun daga ranar ya zama ko atishawa zai yi sai ya cire tiyo.

A watan Sha'aban na wata shekara aka tura mu Birmingham. Wata jama'a a Sparkhill, gaurayen Hausawa da Somaliyawa da 'yan wasu ƙasashe, sun sayi tsohon ɗakin ajiye kaya a bayan Stratford Road sun mai da shi masallaci. Ƙasa an riga an fara salla. Mu aikinmu shi ne mu shimfiɗa daɓen bene inda mata za su yi sallar asham, kuma ana so a gama kafin a ga wata.

Shugaban kwamitin shi ne Alhaji Tanimu. Mutumin kirki ne, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa hakan ba. Da faci ya fara a Kano, ya zo nan ya buɗe shagon taya, Allah Ya yi masa buɗi, rabin katakon benen nan daga aljihunsa ya fito. Tun ranar farko muka saɓa da shi a kan abu biyu. Na farko, na ɗaura igiya a ƙasa na killace daidai inda muke aiki a sama, na ce kada kowa ya tsaya a wurin, domin tsakanin azara da azara akwai sarari, kuma ba a sa silin ba tukuna.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "sahu biyu ka cinye mana. Ashe akwai malamin da ke hana mutane sahu?"

Na ce, "Alhaji, aro na yi. Zan mayar da su da mutanensu a raye."

Na biyu shi ne takalmi. Mu dole mu sa takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Na yi wa kwamiti bayani cewa benen bai zama masallaci ba sai ranar da muka miƙa shi, limaminsu ma ya yarda. Alhaji bai yarda ba. Duk sa'ad da zai leƙo mu sai ya tuɓe takalmi a gindin matakala, ya hau da safa da babbar riga, ni kuma in tare shi a bakin bene in mayar da shi da girmamawa. Kullum sai ya tafi yana cewa, "Ni fa iska ba baƙuwata ba ce. Da ita na yi arziki."

Limamin, Shehu Abdi, Basomale ne, masani na gaske, kuma ɗan Shafi'iyya. Na daɗe ban sami wanda zan goga karatu da shi ba, shi ma haka, saboda haka kowace azahar in an idar da salla sai mu zauna mu buɗe wata mas'ala. Da Larabci muke yi, in ya ƙare mana mu ari Turanci. Da yake azumi ya gabato, sai muka faɗa kan niyya. Mu a Malikiyya, mutum ya yi niyya ɗaya a daren farko ta wadatar masa har ƙarshen wata. Su kuwa sun ce kowane dare sai an sabunta, domin kowace rana ibada ce mai zaman kanta. Na kawo hujjojinmu, ya kawo nasu, kowa ya tashi yana tausaya wa ɗan'uwansa.

Wata rana muna shan shayi bayan irin wannan zama, Alhaji na nan, sai Ishaya ya ce, "Malam, wai faɗan me kuke yi da Shehu kullum? Na ga har jijiyar wuyanka na tashi."

Na fassara masa mas'alar a taƙaice. Ya kurɓi shayi, ya yi murmushi irin na mai shirya mugunta.

"To ni ga inda ban gane ba," in ji shi. "Azumin wata guda cur, niyya ɗaya. Daɓen ɗaki ɗaya, ka sa ni niyya a kan kowace ƙusa: danna, ja, saki, ɗaga, sake. Malam, a mazhabarku katako ya fi azumi tsanani ke nan?"

Na yi dariya, don na san tsokana ce. Alhaji bai yi dariya ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Wallahi yaron nan ya yi magana." Yaron nan, ku lura, ya ba hamsin baya. "Ashe bindigar tana da hanyar sauri? Ku kuna nan kuna yi mana ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, wata kuma na shirin tsayawa!"

Na ce, "Alhaji, wancan hukuncin azumi ne, wannan hukuncin ƙusa ne, ba a yin ƙiyasin ɗaya da ɗaya. Dokar kamfani ta hana bugun dangwale inda daɓe ke da sarari, ko a kan tsani, ko inda mutane ke kai-kawo a ƙasa. Nan duka ukun sun haɗu."

"Wane maɓalli ne?" in ji Alhaji.

Na ce, "Wanda ba za a taɓa ba."

Amma idonsa ya riga ya bi idon Ishaya zuwa inda bindigar take.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce, a ƙarshen Sha'aban. Al'adarmu ita ce in an kira salla mu tsai da aiki, don kada ƙarar ƙusa ta shiga karatun liman. Ni in sauka in yi alwala, Ishaya kuma ya fita Stratford Road ya sayo abin da zai ci. Haka aka yi ranar. Na riga shi sauka, saboda haka ban ga yadda ya bar bene ba. Wannan rashin gani shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

An idar da salla, mutane sun fara raguwa, ni da Shehu mun zauna mun koma kan mas'alarmu. Ina tsakiyar jawo masa wata hujja da na kwana ina shiryawa, sai na ji daga sama: tas-tas-tas-tas-tas. Kunnen kafinta ya san wannan sauti kamar yadda kunnen mai karatu ya san lahani. Bugun dangwale ne, kuma ba hannun Ishaya ba ne, domin babu tsari a cikinsa. Kafin in miƙe wani abu ya yi ƙara a bayanmu. Na waiwaya, sai ga ƙusa mai tsawon yatsa a tsaye a cikin darduma, a tsakiyar sahu biyun nan da na ara. Daga sama kuma aka saki salati.

Na nufi matakalar da gudu. Na tsallake takalman Alhaji a gindinta, na tsallake igiyar da Ishaya ya gitta a bakin bene, wadda aka kwance aka ajiye gefe cikin ladabi.

Alhaji Tanimu na tsaye a sunkuye a tsakiyar daɓe, bai iya miƙewa ba. Babbar rigarsa ta shadda, ruwan sararin sama, ta kwanta a kan katako ta gaba da ta gefe, kuma ƙusoshi shida sun bi bakinta sun ɗinke ta da daɓen. Abin da ya faru a bayyane yake. Ya sunkuya yana dangwalawa, rigar ta zubo gabansa, ya harbe ta. Ya firgita ya ja baya, bindigar ta yi tsalle ta sake sauka, ta sake harbi. Ƙusa ɗaya ta shiga ta cikin safarsa, tsakanin babban yatsa da mai bi masa, ta kafe safar ba ta taɓa nama ba. Bindigar kuwa tana hannunsa tana lilo kusa da gwiwarsa, yatsansa na kan kunama.

Na ce, "Alhaji, kada ka motsa. Ɗauke yatsanka daga kunama."

"Na ɗauke."

"Ba ka ɗauke ba."

Ban kusance shi ba. Na zagaya ta bayansa zuwa wurin injin, na cire tiyo daga can, iska ta fita da huci. Sannan na karɓi bindigar na kwantar da ita. A nan idona ya faɗa kan agogon iska: an murɗe shi har ƙurewa, nesa da inda muka saita shi da safe.

Jama'a sun biyo ni sun cika bakin matakala, Shehu Abdi na gabansu. Sai ga Ishaya ya kutso ta tsakaninsu da ledar burodi a hannu. Ya dubi Alhaji, ya dubi bindigar, ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana da sauri haka ba.

Alhaji ya gyara murya gwargwadon yadda mai sunkuye zai iya. "Ni fa na hau ne kawai in duba aiki. A haɗe na same ta, tana huci. Na ɗauka ne in kawar da ita kada ta ji wa wani."

Ishaya ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe..." sai ya rufe. Baƙo ne a ɗakin ibadar da ba nasa ba, a gaban dattijon da ya haife shi a shekaru, cikin jama'ar dattijon. Tarbiyyar da aka yi masa a gida ba ta bar masa hanyar cewa "ƙarya ne" ba. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Malam, na cire. Allah Ya gani, na cire."

Alhaji ya ce, "To tunda ba jini, a bar kaza cikin gashinta. Ba sai Baturiyar nan ta ji ba."

Na ce ba zai yiwu ba. Ƙusa ta sauka inda mutane ke salla, kuma amanar da ke wuyana ita ce in sanar da duk abin da ya kusa zama rauni, ko da bai zama ba. Amma na san abin da sanarwar za ta haifar. Madam Shila za ta yi tambaya ɗaya: a haɗe take ko a cire? In aka ce a haɗe, laifin Ishaya na baya ne ya dawo da kamanninsa, kuma kafin ƙaramar salla shi da iyalinsa suna ɗaure kaya. Zuciyata ta gaskata shi, amma gaskatawar zuciya ba shaida ba ce, kuma ba zan ce na ga abin da ban gani ba.

Na fara da abin da na sani. Na matsa kusa da Alhaji na rage murya na tuna masa cewa watan gafara ne ke bakin ƙofa, cewa haƙƙin bawa ba ya faɗuwa da yawan nafila, cewa abincin gida guda na rataye a kan kalma ɗaya daga bakinsa. Na yi wa'azi mai kyau, ko ni da na yi shi na ji ya taɓa ni. Alhaji ya kalli bango ya ce, "Allah gafarta Malam, a haɗe na same ta."

Sai na juya ga jama'a na ɗaga murya. Ban faɗi ƙarya ba. Abin da maganarsa ta hukunta kawai na shimfiɗa.

"Jama'a, kada kowa ya zargi Alhaji. Tunda ya ce a haɗe ya same ta, haka za a faɗa wa kamfani, kuma za su yarda, don abin da hankali zai ɗauka ke nan. Haɗa irin wannan tiyo ba aikin kowa ba ne. Akwai zoben da ake ja baya, ga iska na turo hannu. Sai wanda ya san aikin iska. Dattijo irin Alhaji, da hannunsa ya saba da carbi, ina shi ina wannan? Zan shaida musu cewa bawan Allah ne da bai san komai game da iska ba, tsautsayi ne ya kai hannunsa. Shi ma agogon nan da na tarar a murɗe, sai mu ce ko rigarsa ce ta goge shi."

Na ga wuyan Alhaji ya kumbura.

"Riga?" ya ce. "Riga ce ta murɗa agogo? Malam, ina hura tayar tirela tun kana koyon baƙi da wasali! Iskar da kuka sa ko tayar keke ba za ta tayar ba, ni na ƙara ta da hannuna. Tiyon nan kuma da kake wa kirari, a ƙasa na tsince shi, da hannu ɗaya na haɗa shi, ko kallonsa ban yi ba! Ni za a ce ban san iska ba?"

Sai da ya kai ƙarshe ya ji abin da ya faɗa. Wani daga bakin matakala ya yi tari irin wanda ake haɗiye dariya da shi. Shehu Abdi, wanda ba ya jin Hausa, ya tambaye ni me Alhaji ya ce. Na fassara masa kalma da kalma, domin tafinta ma amana ce. Ya shafa gemu ya ce, "Na ji, na kuma shaida."

Alhaji ya dubi safarsa. Can ya ce, "Allah gafarta Malam, ka kama ni."

Na ce, "Ni ban kama ka ba, Alhaji. Na zo na tarar da kai a kame."

Saura kwance shi. Ƙusoshin daɓe masu zobe-zobe ne a jiki, an yi su ne don kada su fita, ga shi kuma iskar da ya ƙara ta nutsar da kawunansu cikin katako tare da shaddar. Babu abin da za a kama a ja. Ko dai ya tuɓe rigar a gaban jama'a, ko a yanka ta. Ya zaɓi yanka. Ishaya ne ya ajiye burodinsa, ya durƙusa da wuƙar aiki, ya bi ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zagaye kowace a hankali don kada ɓarnar ta yi yawa. Da ya zo kan safar, sai da ya sa yatsansa tsakanin wuƙar da ƙafar Alhaji.

Alhaji na kallon ƙeyarsa daga sama. Ya ce, "Dattijo." Ranar ce ta farko da bai ce masa yaro ba. "Na so in cuce ka don kunya. Ka yafe mini."

Ishaya bai ɗago ba. Ya ce, "Ya wuce, Baba Alhaji. Sai dai shaddar nan ce ban san ko za ta yafe mana ba."

Washegari Madam Shila ta zo daga Manchester. Alhaji ya tarbe ta sanye da kwat, ya faɗa mata komai da bakinsa, har da ƙarin bayani a kan tarihinsa da iska wanda ba ta nema ba. Ta duba bene, ta duba ƙusar da ke cikin darduma, wadda na hana a cire. Hukuncinta shi ne Ishaya ya yi abin da doka ta ce a lokacin: ya cire tiyo, ya gitta igiya. Dokar ce ba ta yi tanadin shugaban kwamiti ba. Daga ranar aka ƙara mana sharuɗɗan da kuka tarar: in za a bar wuri a zubar da iskar tanki, a kulle bindiga a akwati, kuma maɓallin dangwale a rufe shi a duk bindigoginmu.

Layin ƙusoshin da Alhaji ya taimaka mana da su kuwa, mafi yawansu ba su sami azara ba, waɗanda suka samu sun huda fuskar katako. Sai da muka ɓamɓare allunan muka sake sababbi. Aka ga wata ba mu gama ba, mata suka yi ashamin farkon azumi a ƙasa bayan labule, a cikin sahu biyun nan da ƙarin wasu. Sauri ya haifi nawa. Allo ɗaya ne kawai muka bari, don ƙusoshinsa sun dace da azara bisa kuskure. Har yau, in aka ɗaga kafet a wani lungu na benen, za a ga 'yan guntayen shadda ruwan sararin sama a ƙarƙashin kawunan ƙusa. Alhaji da kansa ke nuna wa baƙi, sai dai na ji an ce a ruwayarsa shi ne ya gano wa kamfani haɗarin maɓallin.

Ranar da muka miƙa aiki Shehu Abdi ya riƙe hannuna ya ce, "To yanzu ka dawo mazhabarmu ke nan? Na ga kowace ƙusa da niyyarta."

Na ce masa a azumi ina nan inda iyayena suka bar ni. Na kuma tuna masa sharaɗin da ke cikin maganarmu, wanda Alhaji bai tsaya ya ji ba: niyya ɗaya tana wadatarwa ne matuƙar abin bai yanke ba, in tafiya ko ciwo ya gitta, sai an sabunta. Aikin ƙusa kuwa yankewa ne daga farkonsa har ƙarshensa. Ka ɗaga ƙafa, ya yanke. Ka waiwaya, ya yanke. Wani ya kira sunanka, ya yanke. Shehu ya ce wannan ita ce hanya mafi tsawo da ya taɓa ganin mutum ya bi don ya ce "ka yi gaskiya".

Abin da na koya a kan mutane shi ne wanda ya fi haɗari a wurin aiki ba jahili ba ne, don shi tsoro na tsare shi. Wanda ya san rabin abu ne, ya kuma san shi sosai. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Na kuma koyi cewa akwai gaskiyar da wa'azi ba ya fito da ita sai girman kai, kuma Allah Yana tsare bayinSa da abin da Ya so, har da aibin wani bawan.

Abin da na koya a kan sana'a kuwa ɗan ƙarami ne. Tsakanin danna hanci da jan kunama akwai wata 'yar tsayawa da ba ta kai numfashi ba. A cikinta ne mutum ke tambayar kansa: ina ɗaya hannuna, ina ƙafata, akwai azara a ƙarƙashin nan, wa ke ƙasa? Masu son sauri suna ganin ɓata lokaci ce. A cikin wannan 'yar tsayawa Ishaya ya ƙarasa shekarunsa na izini, ya sami zama na dindindin, 'yarsa ta gama jami'a. Ga shi can a benci na biyu da yatsunsa goma, yana jira in gama karanta muku wannan ya ce ƙusoshin da suka kafe Alhaji sun fi yadda na faɗa yawa. Ku bar shi ya faɗa. Amma ku kalli hannunsa in ya tashi zai je shan shayi: kafin ya ɗauki kofi, sai ya cire tiyo.